Garin Kawuna a Cikin Akwatin Wasu

Ni dai gyara na yi niyya. Ina so a fara sanin wannan, domin har yau akwai masu ba da labarin a dangin innata ta yadda za ka ɗauka zama na yi na ƙulla abin da gangan.

A lokacin ina sakatariya a buron wata ƙungiya ta rumbunan tsimi a nan Damagaram. Rumbun tsimi ɗaki ne da mutanen gari ke tara hatsi a ciki da kaka, a kulle, sai abinci ya yi wuya a buɗe a sayar musu da sauƙi. Ƙungiyarmu ta haɗa irin waɗannan rumbuna na ƙauyuka da yawa, daga yankin Mirriya har Gaffati da Zermu. Buron ɗaki biyu ne da ƴar baranda. Ɗaya na shugabanmu ne, wanda kowa ke kira Mushe, yadda ake kiran malaman boko a nan, saboda ya daɗe yana koyarwa a lakwal kafin ya zo nan. Ɗayan kuma nawa ne, ni da ordinatar, wato kwamfuta, da wani kabad da ban taɓa ganin ƙofarsa ta rufu ba.

Ordinatar guda ce, adireshin mel ma guda. Duk mai magana da ƙungiya nan yake aikowa. Da safe sai in zare wayar talho in soka a bayan na'urar, in zauna ina sauraron kukanta har ta kama layi, sannan saƙonni su fara sauka ɗaya bayan ɗaya. In kuran, wato lantarki, ya ɗauke a tsakiya, a sake daga farko. Wanda duk ya kira buro a wannan lokaci zai ji layi a toshe, kuma ni zai zaga.

A shekarar ƙoshi saƙon da ke zuwa bai taka kara ya karya ba. Sai ga shekarar da damina ta yanke hatsi yana shirin fid da kai, fara kuma ta zo ta ƙarasa abin da ya rage. Ba wanda ya zuba wa rumbu ko tiya, don babu. Nan saƙonni suka ɓarke mana. Masu ba da taimako suna tambayar halin da kowane gari ke ciki. Animatocinmu, ma'aikatan da ke zagaya ƙauyuka a kan babur, suna shiga siber, shagon intanet, in sun shigo gari su turo rapor, wato rahoton aikinsu. Masu kamyo, manyan motocin ɗaukar kaya, suna turo tayinsu. A tsakani ga wani da ban san shi ba yana yi mini albishir na ci gadon wani attajiri da ya mutu ba magaji, ga kuma ɗan wan Mushe da ke karatu a waje yana gaida dangi ɗaya bayan ɗaya har da na goye. Duk a akwati guda, wani kan wani.

Mushe ba ya taɓa na'urar da hannunsa. Tsayawa yake a bayana, yana huci a kan ɗankwalina.

"Madam, nemo mini saƙon matar nan."

"Wace mata, Mushe?"

"Wadda ta yi maganar buhuna."

A shekarar nan ba wanda ya rubuto mana bai yi maganar buhuna ba. Haka zan yi ta gangarawa ina hawa, shi yana cewa ba wannan ba, wuce, koma baya, har kaina ya ɗau zafi. Wata rana bayan mun ɓata safiya ɗungum muna neman saƙon da daga baya ya tuna a talho aka faɗa masa, na ce wa kaina ya isa.

A gefen hagu na ekaran, gilashin na'urar, akwai inda ake buɗe sababbin akwatuna, a raɗa wa kowanne suna, sannan a kama saƙo da suri, ɗan abin nan da ake ja a kan tebur, a jefa shi inda ya dace. Na fara da akwatin masu taimako, da na masu kamyo, da wani na ɗan wan Mushe shi kaɗai. Sannan na buɗe wa kowane ƙauye nasa. Sai jerin ya yi tsawo har ya zarce ƙasan ekaran, na koma ina gangarawa ina hawa kamar da. Ina cikin tsaki hannuna ya kuskure, na jefa akwati guda a kan wani, sai na ga ya shige cikinsa. Ashe akwati na shiga akwati, kamar yadda muke jera kwanuka ƙarami a cikin babba. A gefen babban sai wata ƴar alama ta fito. In ka danna ta, na cikin su zubo a ƙasansa. In ka sake dannawa, su koma su ɓuya.

Wallahi na ji daɗin ranar. Na bi ƙauyukan nan na tattara su hanya hanya. Waɗanda animata ɗaya ke zagayawa, waɗanda raporsu ke zuwa tare, na zuba su a cikin akwatin garin da ya fi girma a hanyar. Jerin ya dawo gajere, ido ɗaya ka gama ganinsa. Ba hukuma ce ta ce in yi haka ba, ba Mushe ba ne. Wuyana ne ya gaji da leƙe.

Washegari Mushe ya shigo ya ga akwatin da saƙonni ke sauka wayam. Ya dafe ƙirji.

"Ina saƙonnin? Madam, kin kashe mu."

Sai da na buɗe masa akwatunan ɗaya ɗaya kafin numfashinsa ya dawo daidai. Bai yi mako ba ya zama shi ne mai nuna wa baƙi. Duk wanda ya zo sai ya jawo shi ɗakina ya ce, "Wala, ka ga yadda muka tsara." Ni da na yi tsarin ina zaune ina danna musu alama kamar mai buɗe ƙofa.

To a cikin ƙauyukan nan akwai garin su innata. Ba zan faɗi sunansa ba, mutanen suna nan da ransu kuma ba su rasa abin faɗa a kaina ba. Bari in ce Garin Tudu. A ƙasansa akwai wani garin wanda ya girme shi, ya kuma fi shi yawa, shi zan kira Garin Rijiya. Tsakaninsu ba nisa, in ana daka a wannan ana jin taɓarya a wancan. Asalinsu ma ɗaya ne. Kakan su innata a Garin Rijiya aka haife shi, sai wani abu ya haɗa shi da bulama, wato mai garin, ya kwashi iyalinsa da dabbobinsa ya hau tudu ya yi nasa garin. Me ya haɗa su? In ka tambayi mutum uku za ka ji labari uku. Wani ya ce sarauta aka hana shi, wani ya ce shanunsa aka kora daga bakin rijiya, innata kuwa ta ce a kan rago ne. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne rantsuwar da tsohon ya yi: ba wani namiji daga tsatsonsa da zai durƙusa a ƙofar bulaman can. Kuma an riƙe. Lanho ma, wato haraji, ba ta hannun bulama suke biya ba, da kansu suke kai wa sarki. Mata suna kai da kawowa, biki da suna da aron turmi. Maza kuwa sai a kasuwa ko a maƙabarta, su gaisa a tsaye.

Na san duk wannan tun ina yarinya. Amma ni hirar tsofaffi na ɗauke ta. Animata ɗaya ke zuwa garuruwan biyu, a saƙo ɗaya yake rubuto labarinsu, hanya ɗaya ce. Na kama Garin Tudu na jefa cikin Garin Rijiya, ko tunani na biyu ban yi ba, na wuce ga na gaba.

Da bazara ta yi nisa aka samu hatsin taimako da za a zuba a rumbunan. Labari ya bazu ƙauyuka, shugabannin kwamitoci suka fara sintiri a buro. Shugaban kwamitin Garin Tudu kuwa kawuna ne, wan innata. Dogon tsoho, mai ƙarancin magana, wanda tun ina ƙarama in ya zo Damagaram ba ya shigowa gidanmu hannu sake, ko gujiya ce sai ya ƙullo mini a bakin rawani. A wannan zuwan bai kawo komai ba, kuma na ga yadda hakan ya dame shi. Ya sauka a gidanmu a unguwar Birni, da safe muka tafi buro tare.

Mushe bai iso ba tukuna. Na ba kawu kujera kusa da ni, na kunna na'ura. Ya zuba wa ekaran ido. Ba ya karatun boko, amma ya san surar sunan garinsu, don kullum yana ganin ta a allon da ke jikin rumbu.

"Ɗiyata, an ce duk garuruwanmu suna cikin abin ga."

"Suna ciki, Kawu."

"Nuna mini namu."

Ni da murnata. Na ce bari in burge tsoho. Na kai suri gefen Garin Rijiya na danna alamar, sunayen suka zubo, Garin Tudu a cikinsu, ya ɗan matsa ciki kaɗan kamar sauran. Na sa yatsa na nuna masa.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya nuna na saman da haɓa.

"Wancan na bisa wane gari ne?"

Na faɗa masa.

"Sake ruhewa in gani."

Na danna, suka ɓace. Ya ce in buɗe. Na buɗe. Ya ce in sake rufewa.

"Wato sai an buɗe su ake ganin mu," in ji shi.

Na yi dariya, don ban ga abin yi ba sai ita. Na ce Kawu wannan ba komai ba ne, shirya kaya ne kawai. Na nuna masa wasu garuruwan da ke cikin wasu. Na nuna masa ɗan wan Mushe da ke da akwati shi kaɗai a waje, na ce ka ga wannan ko gona ba shi da ita. Na yi bayani da Hausa, na koma na sake yi da wata Hausar. Bai musa mini ba. Ya bar ni na gama, ya ce, "Wa ya saka mu ciki?" Na ce ni ce. Ya ce to madalla, ya tashi ya koma baranda ya jira Mushe a can.

Da yamma innata ta tare ni tun daga zaure. Ashe ya faɗa mata, a taƙaice kamar yadda ya saba, ya kama hanyar tasha ko abinci bai tsaya ci ba.

"Ke wace irin ɗiya ce? Duk garuruwan duniya ki rasa inda za ki cusa garin ubana sai cikin na mutanen can?"

"Inna, ba gari ba ne. Suna ne a jikin gilashi."

"To hid da shi, tun da suna ne."

Na ce zan fitar, don a zauna lafiya. A raina kuwa haushi ne fal. Mutane na cin ganye, tsofaffi biyu sun tasa ni gaba a kan inda rubutu ya zauna.

Da safe na kunna na'ura, na kai hannu zan ja akwatin, sai ga Mushe a bayana.

"A'a, Madam, kar ki taɓa. Da shi na yi aiki."

"Wane aiki?"

Nan ya faɗa mini, yana murmushi kamar wanda ya yi abin yabo. A makon da ya wuce, ranar da na je asibiti da innata, mai kamyo ya kira yana tambayar inda zai sauke kaya. Man mota ya yi tsada, ba zai tsaya kowane ƙauye ba. Mushe ya zo ɗakina ya tarar da na'urar a kunne, ya duba gefen hagu, ya ga gajeren jeri tsaf. Sai ya karanta wa mutumin sunayen manyan akwatunan a talho. Kowane babban akwati, masauki guda. Na cikin su zo su ɗauki rabonsu a can.

Na ce, "Mushe, ai ba don kamyo na yi wannan ba. Don saƙo na yi."

"Bon, amma ya yi daidai."

"Bai yi ba. Mutanen Garin Tudu ba sa zuwa ƙofar bulaman Garin Rijiya. Kowa ya sani."

"Ni ban sani ba. Ke ce ƴar can. Da na ga ke da kanki kin haɗa su, sai na ce to ai abu ɗaya ne."

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Mutumin da bai taɓa yarda da maganata a kan komai ba, ko a kan irin takardar da za a saya, ranar da ba na nan ya zaɓa ya yarda da ni ɗari bisa ɗari. Na ce a kira mai kamyo a canza. Ya ce kamyo ya riga ya kama hanya tun jiya.

Haka aka sauke buhunan garuruwan hanyar nan a ƙofar bulaman Garin Rijiya. Sauran ƙauyukan suka zo da amalanke suka kwashi nasu. Na Garin Tudu ya rage a zaure, an lulluɓe shi da tabarmi.

In don gaskiya, bulaman bai yi wani mugun abu ba. Ya aika a gaya musu kayansu na nan, ba wanda zai taɓa ko ƙwaya. Amma amana aka sauke a ƙofarsa, kuma ba zai miƙa ta ga kowa ba sai shugaban kwamiti da kansa, a gaban shaidu. Shi ma yana tsoron a ce ya ci. Wanda kuwa ya zo ƙofar bulama, ba a tsaye yake gaisuwa ba. Animata ya ce shi zai karɓa a madadinsu, bulama ya ce shi ba ɗan garin ba ne. Mata suka ce su za su je, aka ce ba mace a kwamitin. Na roƙi Mushe a tura motar buro ta kwaso ta hau da su tudun, ya ce motar tana Gaffati, in ta dawo Zermu za ta, kuma ko ta je bulama ba zai ba direba ba. Kowa da hujjarsa, kuma abin haushin duk hujjojin suna da kai. Hatsi dai yana zaune a zaure, masu shi suna jin yunwa a inda za su iya hango rufin zauren.

Na kasa barci da daɗi a kwanakin nan. Ranar kasuwar Mirriya na shiga motar haya, daga can na samu amalanken masu komawa gida, na isa Garin Tudu rana tsaka.

Ban taɓa jin garin shiru haka ba. Ba daka, ba kukan jaki. A tsakar gidan kawu na tarar da matarsa tana sauya wa anza ruwa. Ƴaƴan wani itacen daji ne masu ɗaci, sai an jiƙa su an yi ta zubar da ruwan kafin su ciwu, kuma ko sun ciwu ba su da wani daɗi. A gefe ga tafasa an shanya. Jikarsu da aka yaye kwanan nan tana zaune a kan tabarma, ba ta kuka ba ta wasa, idanunta kawai ke bin mutum. Na ɗauke ta, na ji ba nauyi, sai raina ya ɓaci fiye da yadda na zo da shi.

Kawu yana bayan gida yana gyaran ƙotar hauya, ko da yake ba alamar hadari. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa lahiya lau, ya tambayi innata, ya tambayi aiki, ya tambayi zafin Damagaram. Na bar shi ya gama.

"Kawu, hatsinku na can."

"Na ji."

"To me ake jira?"

Ya ci gaba da fiƙe itacensa.

Na so in yi magana da ladabi, Allah ya sani. Na ce kuskure ne aka yi a buro, ba wanda ya yi nufin wulaƙanci. Na ce gaisuwa ce kawai, minti nawa ne. Na ce bulaman yanzu ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin da aka yi faɗan. Da na ga ko ɗago kai bai yi ba, sai bakina ya kuɓuce.

"Kawu, wanda ya yi rantsuwar nan a ƙoshe ya yi ta. Yana da shanu, yana da rumbu. Ya mutu ya huta, ya bar ku da ita. Ka je ka ɗauki jikarka ka ji."

Matarsa da ke jin mu ta ce, "Ke, a kul." Shi bai ɗaga murya ba. Ya ajiye wuƙar, ya dube ni.

"Ina ɗaukarta kullum. Ba sai kin zo daga Damagaram kin gaya mini nauyinta ba. Ubana bai tahi ba. A yunwar da ta hi wagga bai tahi ba. Kuma a lokacin ba wanda ya ce ya tahi, don ba wanda ya kai abincinsa can. Ba mu muka kai kanmu ba, ɗiyata."

Haushinsa nake ji, da na Mushe, da na mai kamyo, da na tsohon da ke kwance a kabari, da na ragon da ba a ma tabbatar an yi faɗa a kansa ba. Kuka ya zo mini, na haɗiye, don ban so ya ɗauka lallashi na zo yi. Ɗan garin rogo da sukarin da na taho da su na miƙa wa matarsa a ɓoye, na juya.

Da na koma buro ban tambayi kowa ba. Na kama akwatin Garin Tudu na fizgo shi waje, na ajiye shi shi kaɗai a jerin manya. Ja ɗaya ne, ko atishawa ta fi shi daɗewa. Mushe ya leƙo ya ce ai na ɓata tsari. Na ce masa in ya ƙara magana zan zuba duk saƙonnin a inda na same su, ya nemi matar buhuna da kansa. Ya koma ɗakinsa. Na zauna ina kallon sunan a waje, a sarari, ba a cikin kowa ba, kuma na san ko buhu ɗaya bai motsa daga zauren can ba.

Bayan ƴan kwanaki animata ya turo rapor. A ƙarshensa, bayan maganar tayar babur da ta fashe, ya rubuta layi guda cewa Garin Tudu sun ɗauki kayansu. Bai ce yaya ba. Na yi hamdala, na gaya wa innata. Ita ba ta yi murna ba. Ta ce, "Wa ya je?" Na ce ban sani ba. Ta ce ita ta sani, ta shige ɗaki.

Sai da ruwa ya sauka aka yi shuka kawu ya sake shigowa Damagaram, ya zo kawo wa Mushe bayanin yadda aka raba. Ina cikin aiki na ji sallamarsa a ƙofa. Ya ƙara ramewa. Na ba shi kujera, ya ce a'a, nan ma ya isa, ya tsuguna a gefen kabad. Na tambayi jikarsa, ya ce ta fara cin tuwo, har tana ƙwace na wasu.

Na ce, "Kawu, zo ka gani." Na juya masa ekaran. "Ga ku nan. Ku kaɗai, a waje. Ba sai an buɗe kowa ba."

Ya duba daga inda yake. Ya gane sunan, na ga idonsa ya tsaya a kai.

"Na tahi," ya ce. "Da hantsi na tahi, don kar a ce na saci jiki. Duk garin sun hito suna kallo. Na tuɓe takalmi tun daga bakin hanya, na durƙusa." Ya shafa gemu. "Ya taso da kansa ya kama hannuna. Ya ce a kawo ruwa, ɗan'uwansa ya zo. Ya sa samarinsa suka ɗora mana buhu, har rakiya ya yi mini. Da ya zage ni, da na hi jin daɗi."

Na ce Allah ya ba da lada, don shi ne ya zo bakina.

"Maida shi inda yake," in ji shi.

"Me, Kawu?"

"Sunan. Maida shi cikin nasu. Da can ƙarya abin ga ya yi, kika ce ba komai. Yanzu kuma kin hid da mu, wata ƙaryar ce. Mun riga mun tahi."

Na ce ba zan mayar ba. Ya ce in mayar. Na ce hannuna ba zai yi ba, ko Mushe ne ya ce, balle shi. Ya dube ni na ɗan lokaci, ba fushi a fuskarsa, ni kuwa fushin na fi so.

"To, ke ke da akwati," ya ce.

Ya dafa kabad ya miƙe, ya yi mini sai an jima. Na bi shi zuwa ƙofa. A nan na ga takalmansa a waje, a ƙasan matakalar baranda, inda ya tuɓe su kafin ya shigo ɗakina. Ya sunkuya ya ɗauka, ya riƙe su a hannu, bai sa ba sai da ya fita bakin titi.